Aibin Farar Shadda

Bari in fara da faɗin aibina, don haka aka tashe mu a gidanmu. Sana'ata yabon abin da ban taɓa gwadawa ba. Ina rubuta talla a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Wagadugu, wanda yake ware wa Hausa 'yan sa'o'i a mako, kuma da wannan bakin nawa na yabi sabulun da bai taɓa jikina ba, da maganin sauron da ni kaina nake tsoron kunnawa a ɗaki, da makarantar koyon tuƙi alhali har yau moto, wato babur, kawai na iya. Na san yadda ake yi. Ka fara da tambayar da ba mai ce mata a'a: "Uwargida, kina son 'ya'yanki su kwana lafiya?" Wace uwa ce za ta ce ba ta so? Daga nan ka tsorata ta, amma kaɗan, kada ta kashe akwatin. Sai ka kawo mafita. Ka faɗi sunan kaya sau uku. Idan abin girki ne ka nemo muryar tsohuwa, idan na ciwo ne ka nemo namiji mai sanyin murya, wanda zai yi kama da likita ba tare da ya ce shi likita ba ne. A ƙarshe ka nuna mata cewa duk matan unguwa sun riga sun saya, ita kaɗai ta rage.

Aikin bai taɓa damuna sosai ba, kuma dalilin shi ne Baba. A raina na raba duniya gida biyu: akwai masu sayarwa da zaƙin baki irina, akwai kuma Baba, wanda maganarsa ba ta da ado. Duk abin da ya ce haka ne, to haka ne. A kan wannan na yarda da wata magana ɗaya da ya taɓa faɗa a kaina, na ɗauke ta shekara goma sha ɗaya ina gyara zamana da ita. Ita ce dalilin wannan rubutun, domin yau ban san ko gaskiya ce ba.

Baba ɗan kasuwar yadi ne. Shagonsa yana bakin Zango, ƙarami ne, idan mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Atamfa a hagu, shadda a dama, benci ɗaya, da wani tsohon almakashi da ba ya ba kowa aro. Kakanninsa fataken goro ne da suka sauka a garin nan suka ƙi tashi, har muka zama 'yan gari, muna Hausa a gida, yaren Mosi a kasuwa, Faransanci a lakwal, wato makaranta. Abin da aka san Baba da shi daga unguwar Dapoya har ta Sisin shi ne ba ya yabon kayansa. Kafin mai saye ya tambayi kuɗi, ya riga ya warware yadin a kan gwiwarsa, ya bi shi da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri.

"Hajiya, dubi nan. Kin ga jan bai hau daidai ba? Ya ɗan kauce. Kuma wankin farko zai zuba, kada ki haɗa shi da fararen kaya."

Matar takan sunkuya ta duba, ta ce, "Ai ɗan kaɗan ne, Alhaji."

"Kaɗan ne. Amma gara ki gani a nan da ki gani a gida."

Shi ke nan. Daga nan ba ya ƙara komai, sai ya naɗe hannu ya bar ta da yadin. Ina yarinya abin yana ba ni haushi ƙwarai. Maƙwabcin shagonsa yana da lasifika mai maimaita magana, tun safe tana ihu cewa kaya sun zo, masu kyau ne, ba irinsu a gari, shi kuwa ubana yana zaune yana tona wa kayansa asiri. Sai da na girma na lura cewa mai lasifikar ya canza sana'a sau uku, Baba yana nan a kan bencinsa. Mata sukan aiko daga nesa su ce Alhaji ya zaɓar musu, ba sai sun gani ba. Idan mai wa'azi ya zo kan haƙƙin ciniki ya ce akwai wani bawan Allah a unguwar nan da yake nuna aibi tun ba a tambaye shi ba, ba ya faɗin suna, amma kowa ya san da wa ake. Baba yakan ce shi ba abin da ya ƙirƙiro, a wurin mahaifinsa ya gani: idan ya buɗe huhun goro, sai ya tono mai tsutsa ya ɗora a sama kafin a yi maganar ciniki.

Yanzu ga maganar da na ce na ɗauka. Ranar da kawunnan mijina suka zo neman aurena, bisa al'ada ƙanin Baba ne mai magana, amma Baba ya ce shi ma zai zauna. Ni da Gwaggo, yayarsa, muna bayan labule muna kasa kunne. An gaisa, an yi addu'a, an tambayi gida da gajiya, baƙi suna shirin shiga abin da ya kawo su, sai na ji Baba ya gyara murya.

"Kafin a yi nisa, akwai abin da ya kamata ku sani. Yarinyar nan ba ta da haƙuri."

Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ba ni da haƙuri? Ni da na raini ƙannena huɗu? Ni da nake zaman layin famfo ba a taɓa jin kaina da kowa ba, in ban da sau biyu ko uku? Na yunƙura zan ɗaga labulen, Gwaggo ta danne mini cinya. Can sai babban kawun ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wa yake da haƙuri a zamanin nan?" Kowa ya saki jiki, magana ta tafi daidai. Daga baya mijina ya gaya mini cewa a hanyar komawa kawun ya ce gidan da aka faɗa musu wannan da bakin uba, sauran duk lafiya ne, ba sai sun yi wani bincike ba.

Kwana uku ban yi wa Baba magana ba in ban da gaisuwa. Daga nan na zauna na yi tunani. Mutumin nan ba ya ƙarya, ba ya ƙari. Idan ya ce ja ya kauce, to ya kauce. Ke nan akwai wani abu a jikina da kowa yake gani ban da ni. Da wannan na shiga gidan miji. Duk lokacin da muka saɓa, ni nake fara ba da haƙuri, tun kafin in bincika wa yake da laifi. Ranar da ya bar ni a asibitin awo tun hantsi har azahar ta wuce, don ya manta ya ce zai dawo ya ɗauke ni, na yi masa faɗa a bakin titi, amma kafin mu kai gida ni ce nake cewa ya yafe mini. A wurin aiki idan aka ɗora mini abin da ba nawa ba, na buɗe baki zan yi magana, sai in ji muryar Baba ta bayan labule, in haɗiye. Ban ce rayuwata ta lalace ba. Amma nauyi ne, kuma kullum da shi nake tashi.

Ana nan sai daraktanmu ya kira ni ofis. Ya ce za a fara wani shiri a kan tsofaffin 'yan kasuwar Zango, ba talla ba, labarin gaskiya, minti goma kowace Juma'a da yamma. Ya ce, "Bon, ki fara da mahaifinki, tunda kowa ya san shi. Amma ki ajiye dabarun nan naki na sabulu a gida." Na yi murna har cikin raina. Ga shi yau zan rubuta abin da ba ya bukatar tambayar tarko, ba tsoratarwa, ba muryar tsohuwa. Gaskiya tsagwaronta, a kan mutumin da ya fi kowa gaskiya. Na sayi sabon littafin rubutu, na gaya wa Baba zan zauna a shago kwana uku in ga yadda yake aiki. Ya ce, "To, Uwata, amma kada ki tsare mini benci." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Rana ta farko ba abin da ban sani ba. Rana ta biyu da safe aka kawo sabuwar shadda, fara tas, mai nauyi, irin wadda ake ɗinka wa dattawa. Baba ya ce in kama masa baki ɗaya. Muka fita ƙofar shago inda haske yake, muka warware ta, ya bi ta da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, ya juya bayanta ya sake bi. Ni ma na zuba ido, don ina so in rubuta yadda yake gano aibi. Ya daɗe yana yi. Daga ƙarshe ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan kam ko ɗigo babu." Na rubuta a littafina: farar shadda, ko ɗigo babu.

Wajen hantsi sai ga wani direban babbar mota, mutumin Nijar, daga cikin waɗanda suke sauka a Zango idan sun kawo kaya. Ya ce yana son shaddar da zai kai wa mahaifinsa, wadda ba za a ji kunyarta a masallacin Juma'a ba. Yana magana yana ta kalle-kalle, fuskarsa a ɗaure, irin ta wanda aka taɓa cuta a garin da ba nasu ba. Baba ya ɗauko farar shaddar nan, ya warware ta a gwiwa, ya bi ta da yatsa. Ina jira in ji yau me zai ce. Sai na ga yatsan ya tsaya kusa da baki.

"Ɗana, dubi nan. Ka ga zaren ya ɗan saki a wurin nan? Ka gaya wa tela ya jefa shi ta ciki, wajen kalmasa."

Direban ya sunkuya, ya ƙanƙance ido, ya ɗan jima. Sai ya ce, "Wallahi kuwa, Baba, na gane shi. Ga shi nan. Ai wanga ba komi ba ne." Ina kallo fuskarsa ta saki. Ya ce a yanka masa, zai je ya ga ana sauke kaya, ya dawo ya ɗauka bayan azahar.

Da Baba ya tafi masallaci na ɗauko yankin na warware. Na san wurin sarai, don idona bai bar yatsan ba. Na duba, babu. Na fita da shi rana na ɗaga, babu. Har tabaran Baba da ya bari a kan benci na ɗauka na sa, na bi zaren ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsa ƙalau. Na buɗe littafina na ga abin da na rubuta da safe da hannuna. Kaina ya ɗaure. Abin da ya fi ɗaure mini kai ma ba Baba ba ne, direban ne. Ai ya ce ya gani. Ya nuna da yatsansa, ya rantse. Me ya gani?

Ban iya tambayar Baba a ranar ba. Na hau motona na nufi unguwar Larle wurin Gwaggo. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zayyana mata duka, ina jira in ga ta kama baki. Sai ta kwashe da dariya har tiren ya kusa kifewa.

"'Yar nan, sai yau kika sani? Duk karatun nan naki?"

"Me zan sani, Gwaggo?"

"Kakanki yana da wani ruɓaɓɓen goro da yake ajiyewa a aljihu. Idan ya buɗe huhu ya tarar duk lafiyayye ne, sai ya cusa hannu kamar yana tonawa, ya fito da na aljihun ya ɗora a sama. Ni nake wanke masa riguna, na fi kowa sani. Aljihun dama har ya rine."

"To ai ƙarya ce wannan!"

"Wa aka cuta? An ce wa mutum kayanka da aibi, ya je gida ya tarar babu. Ƙara zai kai? Ubanki bai taɓa ɓoye aibin da yake akwai ba, wannan ko a ina zan rantse. Inda babu ne kawai yake ɗan taimaka wa kayan."

Taimako, in ji ta. Ina so in yi fushi, na rasa da wa zan yi. Ina so in ce ba komai, zuciyata ta ƙi. Kuma a ƙarƙashin wannan duka akwai wata tambaya da take ta motsi tun ina shago, na ƙi kallonta. Gwaggo ce ta danne mini cinya a bayan labule, ita ma ta ji abin da aka ce. Na ɗago zan tambaye ta, ta karanci fuskata, ta miƙe da tirenta. Ta ce, "Wannan kuma ki tambayi mai shago," ta shige madafa.

Washegari ban koma shago ba, na zauna rubutu, a nan ne abin ya ƙara dagulewa. Na fara da babban yatsan Baba yana tafiya a kan yadi, sai na tsaya. Me ya sa na fara da yatsa? Don mai sauraro ya ga abu a idonsa, ya ji kamar yana wurin, wanda kuwa ya ji yana wurin ba ya musu. Na sa almakashin da ba a ba kowa aro, na tambayi kaina amfaninsa, na ga ba shi da wani aiki sai ya nuna cewa na san shagon ciki da waje, don a yarda da sauran abin da zan faɗa. Na rubuta "ni da idona na gani", na tuna na taɓa sa wa wata tsohuwa wannan maganar a baki a tallar man girki. Har gajeriyar jimlar da nake ajiyewa bayan doguwa, don ta faɗo da nauyi, ita ma daga can na zo da ita. Na ce to bari in cire duka. Abin da ya rage shi ne: an haife shi a Zango, yana sayar da yadi, yana da 'ya'ya biyar. Ko ni da na rubuta hamma ta kama ni. Kuma su ma ukun nan, wa ya zaɓe su ya bar sauran? Ni ce. Na ajiye biro ina tambayar kaina ko akwai wata magana a duniya da ake faɗa wa mutum ba tare da an shirya ta don ta shige shi ba. Ban sami amsa ba, lokaci kuma yana tafiya. Na mayar da yatsan, na mayar da almakashin, na rubuta yabo zalla, ban ambaci farar shadda ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na kai wa Baba don ya ji kafin duniya ta ji. Shagon ba kowa. Na karanta masa daga farko har ƙarshe, yana jan carbi, idonsa a kan titi. Da na gama ya juyo ya dube ni.

"Uwata, wannan mutumin naki ban san shi ba. Ba wanda zai saya."

"Ba sayarwa nake ba, Baba. Labarin gaskiya ne."

"Ko ma mene ne. Mutum ba aibi ko ɗaya? Wanda ya ji zai ce 'yarsa ce ta rubuta. Ki nemo wani abu ki sa a farko."

A nan na kasa riƙe kaina. Na buga littafin a kan benci har mai shayin tsallaken titi ya waiwayo. Na ce, "Irin na farar shadda? Na duba, Baba! Har da tabaranka na duba! Babu komai a wurin!"

Ko a jikinsa. Ya mayar da carbin aljihu, ya ce in zauna. Na ƙi. Ya ce, "To tsaya. Kin ga fuskar yaron nan da ya shigo? Da tsoro ya zo. Ya san akwai inda za a cuce shi, wurin ne bai sani ba. Idan na ce masa kayan nan ba su da komai, da tsoronsa zai tafi, ya ba ubansa riga yana zarginta. Na nuna masa wuri, idonsa ya sauka a kai, ya huta."

"Ai abin da nake yi a rediyo ke nan."

"A'a. Ke ƙarawa kike yi, ni ragewa nake."

"Duk biyun ba gaskiya ba ne."

Ya ce, "To." Ya shafa gemu. Can ya ce, "Na taɓa tambayar wani malami, ya ce in daina. Na daina wata guda. Masu aibi suka ƙare, marasa aibi suka zauna suna kallona. Mace ta zo, in ce mata wannan ba shi da komai, sai ta ajiye ta ce in nuna mata wani. Sai na koma, ina yi ina istigfari."

Dariya tana so ta zo, kuka yana so ya zo. Na zauna a bakin benci, na ji idan ban tambaya yanzu ba, ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba.

"Baba, ranar da aka zo neman aurena, ka ce ba ni da haƙuri. Ina bayan labule, na ji. Wannan wanne ne? Na cikin huhu ne, ko na aljihu?"

Ya dube ni, ya gane na je Larle. Bai amsa da wuri ba. Ya jawo wata atamfa kusa da shi, ya ɗora babban yatsa a kai, bai motsa shi ba. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Kwana uku ina juya ki, Uwata, daga wannan baki zuwa wancan. Ban samu ba."

Na yi kuka a shagon nan kamar ƙaramar yarinya. Ban taɓa jin Baba ya yabi wani abu nasa ba, yau ga shi ni ya yaba. Na ji wani abu da ya shekara goma sha ɗaya a ƙirjina ya sauka. Na share fuska, na yi masa sallama, na hau moto zuciyata fes.

Ban yi nisa ba jar wuta ta tsayar da ni a mararraba. Ina tsaye cikin hayaƙin motoci sai aikina ya dawo mini. Shirun da ya yi kafin ya amsa. Yatsan a kan atamfa. Muryar da ta yi ƙasa. Kwana uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Da ni aka ba wannan maganar in shirya ta don rediyo, ba abin da zan canza. Na shigo shago da tsoro a fuskata kamar direban nan, na fita fuska a sake. Sannan na tuna cewa matar da aka ce an juya ba a sami aibinta ba, ita ce ɗazu ta buga littafi a gaban ubanta har mai shayi ya waiwayo. Wuta ta ba da hannu, na bayana suna ta danna oda, na juya na zazzaga musu masifa da yaren Mosi kafin in tuna abin da nake tunani a kai.

Da na isa gida na tarar da mijina yana gyara fanka. Ko mayafi ban cire ba na ce, "Tsakani da Allah, ni ba ni da haƙuri?" Ya dube ni, ya dubi fankar, ya sake dubana a hankali. Ya ce, "Me Baba ya ce?" Na shige ɗaki na bar shi.

Ranar Juma'a na karanta shirin. Ban tona maganar shadda ba, ban iya ba. Amma na bi shawarar Baba, na sa aibi a farko. Na ce Alhaji mutum ne mai ɗaure fuska, ba ya wasa da kowa, wanda bai san shi ba zai iya jin tsoron shiga shagonsa. Wannan ba gaskiya ba ne. Baba ya fi kowa tsokana a layin, jikokinsa a kan wuyansa suke wuni. Ana buɗe layin waya mutane suka yi ta kira. Wani ya ce wallahi haka yake tun yana saurayi. Wata mata daga Dapoya ta ce ita shekara da shekaru tana sayen zane a wurinsa, ba ta taɓa ganin haƙorinsa ba, amma gaskiyarsa ce take mayar da ita. Darakta ya ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi, ya ce daga baya wannan shi ne rubutun gaskiya, ba irin na sabulu ba. Na ce masa na gode.

Ku ma da kuke karanta wannan, kun ga da aibina na fara. Abin da na faɗa a can gaskiya ne, amma na san aikin da yake yi a zuciyar mai karatu, kuma ban cire shi ba.

Baba ya bar shago yanzu, ido ya yi rauni, ba ya ganin zare. Ina zuwa gaishe shi kowace Juma'a. Sau da yawa na yi niyyar sake tambayarsa, sai in fasa, don ina tsoron ya ba ni amsa ta uku, ita ma in yarda. Magana biyu ya faɗa a kaina, ɗaya a gaban baƙi, ɗaya a gabana, kuma dole ɗaya daga aljihu ta fito. Wani lokaci ina ganin ta farko ce, wani lokaci, musamman idan na dawo daga layin famfo, ina ganin ta biyu ce. Abin da na sani kawai shi ne, tun ranar Alhamis ɗin nan na daina ba da haƙuri kafin in bincika wa yake da laifi. Idan ƙarya Baba ya sayar mini a ranar, to ita nake ɗaurawa har yau, na wanke ta ban san iyaka ba, kuma ba ta zuba ba.